Ɗakin Matasa Ba Samari: Lissafin da Saurayi Ke Yi Kafin Ya Taka Asibiti

Duk wanda ya taɓa buɗe rajistar ɗakin matasa a asibitin unguwa, inda ma akwai ɗakin, ya san abin da zai gani: sunayen mata shafi bayan shafi, namiji sai jefi-jefi. In ka tambayi ma'aikata dalili, amsar a bakinsu take. Samari taurin kai gare su, ba sa son asibiti, ba a wayar musu da kai ba. Amsar tana da daɗin faɗa, domin ta ɗora laifin duka a kan wanda ba ya wurin. Amma saurayin nan da ake cewa ba ya neman magani, shi ne dai tsaye gaban kantar mai kemis bayan isha'i, shi ke sayen ƙullin gari wurin mai lasifika a tasha, shi ke tambayar wayarsa abin da ba zai iya tambayar mahaifinsa ba. Neman magani kam yana yi. Wurin da aka tanadar masa ne ba ya zuwa, kuma da lissafinsa.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran 'yan shekara 10 zuwa 24 matasa, Najeriya kuma ta fitar da manufar kula da lafiyarsu a 2007, ta biyo da ƙa'idojin shigar da hidimar matasa cikin ƙananan asibitoci a 2013. Abin da ake so shi ne wuri mai sirri, mai sauƙin kuɗi, ma'aikacinsa ba mai hantara ba, inda yaro ko yarinya za su sami shawara a kan balaga, gwaji da maganin cututtukan saduwa, taimako a kan shaye-shaye da damuwa. Sai dai gidan da aka saukar da wannan baƙo yana da masu shi tun asali. Asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Hausa gidan uwa da ɗa ne: awo, haihuwa, rigakafi, auna nauyin jarirai, tazarar haihuwa. Da hujja aka yi hakan, don mace ce ke mutuwa wurin haihuwa, ita ake aurarwa da ƙuruciya. Shirye-shiryen da suka zo da kuɗi ma can suka nufa, kamar Matasa Matan Arewa da aka tsara domin 'yan mata masu aure, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Ba wanda zai ce a rage wa mata ko ƙwayar zarra. Abin lura kawai shi ne, gini ma yana da jinsi a idon jama'a, kuma wannan ginin tamata ne.

A dubi safiyar ranar awo. Benci uku cike da mata, wasu da goyo, wasu da tsohon ciki, takalma zube a bakin baranda, ungozoma tana kiran suna da ƙarfi. Saurayi ɗan shekara 19 ya shigo, fitsari yana yi masa zafi kwana uku, wandonsa yana ɓaci da farin ruwa. Ba wurin zaman da ba kusa da matar wani ba, sai ya raɓe jikin bango. A cikin matan nan akwai maƙwabciyarsu, akwai ƙawar yayarsa. Kafin ya kai tagar kati wata ta ce, "A'a, ɗan gidan Hajiya, wa ka kawo?" Tambayar kirki ce, amma ta gama da shi, domin a al'ada namiji ba ya zuwa nan sai dai ya kawo wani. Da yawa daga nan suke juyawa, su ce saƙo aka ba su.

Wanda ya daure ya tsaya, asirinsa zai bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya fita, kuma a kowane hannu yana iya zuba. Mai yankan kati yakan tambayi abin da ke damun mutum ta taga, mutane na tsaye a baya. Ɗakin ganin likita sau da yawa labule ne ƙofarsa, tagarsa a buɗe saboda zafi, ga ɗalibai biyu masu koyon aiki, ga mai shara tana shiga tana fita. Takardar gwaji a hannu ake riƙe ta a ratsa tsakar asibiti. A tagar magani a ɗaga murya a yi bayanin yadda za a sha, a ƙara da cewa a kawo wadda aka kwana da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana abin da ya shafi lafiyar majiyyaci ba da izininsa ba, akwai kuma dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta shekarar, amma doka ba ta maye gurbin ƙofa mai sakata. Ma'aikatan ƙaramin asibiti galibi 'yan garin ne, tare ake biki, tare ake jana'iza. Ko bakinsu bai furta komai ba, saurayin ya san gobe zai gaishe da wannan matar a layinsu, ta kuma san abin da ta gani.

Allon da ake kafawa da kyakkyawar niyya shi ma yakan yi ɓarna. Muddin aka rubuta lafiyar haihuwa ta matasa a saman wata ƙofa, aka manna hoton kororon roba a gefe, to an mai da ƙofar shaida. Shiga kaɗai iƙirari ne. A wurin da zina ke zubar da mutuncin gida gaba ɗaya, ta hana mutum auren 'yar mutunci, ba ƙaramin abu ake nema daga yaro ba in aka ce ya bi ta wannan ƙofa da rana tsaka. Ga kuma wa'azin da yake tsammani a ciki. "Kai yanzu ɗan yaro da kai, ina ka kwaso wannan? Ba ka tsoron Allah?" Ma'aikacin da ya faɗi haka yana ganin nasiha ya yi. Abin da ya yi a zahiri shi ne ya sallami majalisa guda, don labarin zai isa teburin mai shayi kafin dare. Ƙasa da shekara 18 kuwa, ma'aikata da yawa sukan ce sai an zo da uba ko wa, wanda daidai yake da cewa kada a dawo.

Lokaci da kuɗi ba su buƙatar dogon bayani. Ɗakin matasa yana aiki daga safe zuwa azahar, ranakun aiki, daidai lokacin da yaron shago yake shago, ɗan gareji yake ƙarƙashin mota, mai adaidaita sahu yake fafutukar haɗa balas. Ya bar aiki awa uku, ya nemi izinin maigida da dalilin da ba zai iya faɗa ba, ya biya kati, ya biya gwaji, a ƙarshe a rubuta masa takarda a ce babu maganin, ya je kemis ya saya. To me ya hana shi farawa daga kemis ɗin?

Akwai wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba, wanda a ganina ya kai na sirri nauyi: abin da ɗakin ke bayarwa daban, abin da ke hana saurayi barci daban. Ɗakin an horar da shi a kan hana ciki da ƙanjamau. Shi kuwa damuwarsa ko gabansa ya yi ƙanƙanta, ko yawan mafarki zai ƙarar masa da maniyyi, ko istimna'in da ya yi a baya ya kashe masa gaba, ko zai iya da mace ranar da aka kai masa amarya, me ya sa nononsa ɗaya ya kumbura yana zafi, me ya sa sa'anninsa sun yi gemu shi shiru. Yawancin waɗannan amsarsu minti biyar ce ta kwantar da hankali. Kumburin nono a farkon balaga abu ne da ke samun yara maza da yawa, yakan baje da kansa cikin watanni zuwa shekara biyu. Mafarki ba ciwo ba ne, jiki kuma ba ya daina ƙera maniyyi. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa asibiti na amsa irin wannan tambaya. Wanda ke amsa ta da babbar murya, da sunayen da ya sani, sanyi da basir da zaƙi, shi ne mai maganin tasha da mai talla a Facebook da TikTok. Su sun san ciwon da za su ambata ya tsaya cak. Kalmar sanyi kaɗai ta haɗiye abubuwa da yawa a bakin mutane: ciwon da ake ɗauka ta saduwa, ciwon mafitsara, ciwon baya, raunin gaba, har da kasala. Ma'aikacin da ya ji "sanyi ke damuna" ya rubuta magani bai tambayi me ake nufi ba, shi da mai lasifika tafiyarsu ɗaya.

A kemis abin ba ya wuce minti uku. "Dakta, wani abokina ne fitsari ke masa zafi." Mai kemis ya san ko wane ne abokin, ba zai tona ba. Ya ɓallo kafso huɗu na ja da yalo ko Ampiclox, ya haɗa da sifuro biyu da maganin zafi, ya ƙulla a leda daidai kuɗin da ke hannun yaro, in bai cika ba a rubuta bashi. Ba kati, ba suna, ba wa'azi. Ta fuskar sirri da lokaci da mutunci ya yi wa asibiti fintinkau. Ta fuskar magani kuwa nan ne ɓarnar take, kuma lasisin irin wannan shago bai ma ba shi damar sayar da waɗannan magunguna ko yin allura ba.

Ciwon sanyi na gaskiya, mai fitar da mugunya ta gaba kwana biyu zuwa bakwai bayan saduwa, ƙwayar cutarsa ta daɗe da gagarar fenisilin da ja da yalo, sifuro ma ya daina cin ta a wurare da yawa. Abin da ake yi yanzu shi ne allura ɗaya ta seftirayazon, a haɗa da doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, wato kafso 14 cif, saboda ƙwayar kilamidiya da takan rako ta ba tare da an gane ba. A ƙaurace wa saduwa kwana 7, a kuma yi wa abokiyar kwanciya magani ko ba ta jin komai, don mata da yawa ba sa ganin alama. Kafso huɗun kemis suna iya rage mugunyar, yaro ya ɗauka ya warke. Cutar tana nan. Tana iya gangarawa maraina su kumbura, tana iya barin tabo a hanyar fitsari ta tsuke, bayan shekaru mutum ya koma fitsari ɗis-ɗis sai an yi masa aiki, tana iya toshe hanyar maniyyi. Ranar da aka yi aure shekara uku ba haihuwa, matar za a fara kaiwa asibiti.

Tunjere ya fi wannan yaudara. Gyambo ne ɗaya marar zafi a gaba, ya warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, ko an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da aka shafa a lokacin shi zai karɓi yabo, cutar kuwa ta shige jini. Gwajin jini na minti kaɗan ke gano ta, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki ke kashe ta a matakin farko.

Wasu abubuwan kuma agogo ne ke aiki a kansu, kunya tana cin lokacin. Ɗan maraina yakan murɗe a jikin yaro mai tasowa, sau da yawa cikin dare, da azababben ciwo a gefe ɗaya da amai. In ba a buɗe an warware shi cikin kamar awa 6 ba, jini ya yanke masa, sai dai a cire. Yaron da ya kwana biyu yana cewa cikinsa ke ciwo don ba zai iya nuna wa mahaifiyarsa wurin ba, ya riga ya makara. Wannan na babban asibiti ne kai tsaye, ba na sha-ka-tafi ba. Haka maganin kariya daga ƙanjamau bayan an yi saduwa mai hatsari ko an yi wa yaro fyaɗe, abin da ke faruwa ga maza fiye da yadda ake faɗa: dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Samari ƙalilan ne suka san akwai shi. Wanda kuma ya yi gwajin gaggawa mako ɗaya bayan abin ya faru ya ga ba komai, bai tsira ba tukuna, sai ya maimaita bayan wata uku. A yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa akwai tsargiya, fitsarin jini da wasu ke ɗauka alamar balaga ce, wasu kuma su ɓoye don tsoron a ce sanyi suka ɗebo, alhali wanka a ruwan kwata da madatsa ne sila, maganinta firazikwantel sha ɗaya gwargwadon nauyin jiki.

Shaye-shaye shi ne babban ciwon samari da ɗakin matasa ya fi kasa taɓawa. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. A shekarar 2018 ɗin ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tiramol ɗin da aka amince da shi a asibiti miligiram 50 ne da 100, na kasuwa kuwa har 225, kuma da yawa ba don maye suka fara ba, don su jure aikin ƙarfi ne ko su daɗe wurin saduwa. Yawansa yana kawo farfaɗiya, barinsa farat ɗaya yana kawo ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci, shi ya sa mai niyyar bari yakan koma a kwana na uku. Yana buƙatar a rage masa a hankali ƙarƙashin kulawa. Amma a tunaninsa faɗa wa ma'aikacin gwamnati daidai yake da kai kansa hannun hukuma, ko a gaya wa iyaye su kai shi gidan mari, ko a ce Dawanau, asibitin masu taɓin hankali na Kano, sunan da ya zama zagi a bakin yara. Ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ma galibi ba a koya masa abin da zai yi da irin wannan ba, sai ya ce a ji tsoron Allah a daina.

Masu ba da tallafi sun taɓa ganin kamar sun gano bakin zaren: a gina cibiyar matasa daban, a sa tebur na ƙwallon tebur, talabijin da kwamfuta, a ajiye nas a ɗaki na gefe. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan irin waɗannan cibiyoyi a ƙasashe masu tasowa, ya nuna maza sun zo kam, har sun fi mata, sai dai galibi 'yan kusa da wurin ne, da yawansu sun girmi waɗanda aka gina don su, kuma wasa suke zuwa yi. Ɗakin nas ɗin ba mai leƙawa. Ai ba a gaban abokai goma za ka ajiye sandar wasa ka nufi ƙofar da kowa ya san ta mece ce ba. Kada kuma a ɗauka matsalar ta talauci ce ko ta addini kaɗai. Suwidin tana da asibitocin matasa tun 1970, kyauta, da sirri mai ƙarfi, amma maza ba su wuce ɗaya ko biyu cikin goma na masu zuwa ba. Can ma ungozomomi ne ƙashin bayan aikin, maganin hana ciki ne ke kawo 'yan mata a kai a kai, namiji ba shi da wani dalili na yau da kullum da zai kai shi.

Wannan ne ya kawo mu ga waɗanda suke zuwa. In aka duba, kusan dukkansu da hujjar da za su iya faɗa a gaban kowa suke shigowa. Ya faɗi a babur, ƙarfe ya yanke shi, zazzaɓi ya kayar da shi, makaranta ko wurin ɗaukar aiki sun nemi takardar lafiya, an nemi ya ba ɗan'uwa jini. Sai kuma babbar ƙofa, gwajin aure. A Kano, dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta, tunjere da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Saurayin da bai taɓa yarda a ɗebi jininsa ba, ga shi ya miƙa hannu da kansa, ba mai yi masa wani kallo, don kowa yana yi. Illar ita ce ƙofar tana buɗewa a makare. An kai kuɗi, an sa rana, an buga kati, sannan a gano shi da ita duk AS ne, wato kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. A irin wannan matsi ne ake neman takardar bogi. Da a shekara 16 ya san rukuninsa, da tun kafin zance ya yi nisa zai tambaya. Ciwon hanta nau'in B ma haka: sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin na jarirai a Najeriya, yara da yawa a Arewa kuma ba a kammala musu ba, don haka akwai samari birjik da ke buƙatar gwaji, in ba su da shi a yi musu allura uku, ta farko, ta bayan wata ɗaya, da ta wata shida.

Hikimar aiki ita ce a yi amfani da hujjar da ya zo da ita. Wanda ya zo ɗinkin rauni, bayan an yi masa allurar tetanus, a ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, a rufe ƙofa, a fara da faɗa masa cewa abin da aka yi a nan ba ya fita sai in rai na cikin hatsari. Tambaya daga nesa ake faro ta: aiki, gida, barci, abin da yake sha don ya jure aiki, sannan a gangaro. "Samari da yawa sa'anninka suna tambayata a kan mafarki ko zafin fitsari, kai fa, akwai abin da kake son sani?" ta fi "Kana neman mata?" buɗe baki nesa ba kusa ba. In akwai alamar ciwo, a duba a wurin, a yi gwajin jinin yatsa a wurin, minti 15 zuwa 20 ya fito, a yi allurar a wurin, kafso 14 su fito daga durowar ɗakin, kada a tura shi yawon tagogi. Wannan yana nufin ma'aikaci namiji aƙalla ɗaya da aka san ranakunsa, ƙofa ta kowa da kowa marar allo mai tona asiri, da buɗewa daga la'asar zuwa isha'i ko da kwana biyu a mako, abin da ke buƙatar wuta, mai gadi da alawus, kuma a nan ne yawancin shirye-shirye ke mutuwa da zarar kuɗin masu tallafi ya ƙare. Lambar waya da za a iya tura wa saƙo kafin a zo tana rage rabin tsoro. Akwai kuma abin gwajin ƙanjamau na kai-da-kai da ake gogawa a dasashi a karanta bayan minti 20, wanda mutum zai yi a ɗakinsa, in ya nuna alama ya zo a tabbatar.

Mai kemis kuwa ba a iya kewaye shi, tunda wurinsa ake fara zuwa. Inda aka jawo shi jiki, aka koya masa alamomin da ba nasa ba ne, mugunya, gyambo, kumburin maraina, farfaɗiya, aka ba shi sunan ma'aikaci guda da lokacin da ake samunsa, yakan turo mutane, kuma saurayi ya fi yarda da "je ka wurin wane, ka ce ni na turo ka" fiye da kowace sanarwar rediyo. Sai dai kowane yaro da ya tura ciniki ne ya bari, kuma ba zai ci gaba da yi ba in yaran suna dawowa suna ce masa sun je an yi musu faɗa, an kuma rubuto musu takarda su zo su saya a wurinsa.